Shuɗin Kogin Iku a Mayafi

Bara'atu na tsaka da ɗiɗɗiga ƙyallin ruwan sanyi a zanen kogin Iku, yadda Ghali mai fenti ya koya mata, sai gefen mayafinta ya sharo ɗanyen shuɗi. A gida an san Islamiyya ta tafi, ga fentin mai ba ya jin wanki.

Ta jiƙa tsumma da kananzir. "Malam Ghali, in Baba ya gani na kaɗe."

Ya dube ta, ya dubi tabon, ya karɓe tsumman.

"Bar shi, Bara'atu. In ya tambaya, ki faɗi sunana. Gobe kawuna zai je gidanku a Bagama neman aurenki."

Ta ɗago kai. "In Baba ya kore shi fa?"

"Jibi sai ya koma."