Mai Keken Wudil da Goron Suna

"Ni da Wudil ai kamar ni da zauren gidana ne. Kafin shayinku ya huce na je na dawo." Haka wani mai sayar da yadi a Kano ya saba faɗa duk Asabar, yana jingine kekensa a gindin darbejiyar mai faci, inda majalisar unguwa take zama. Tunda na ga kai ma ka sayi keke, har ka fara ba mu labarin tudun da ka haye ba ka sauka ba, matso ka ji yadda tasa ta kaya.

Mutumin nan ya ba hamsin baya, ga tumbi ya yi gaba kamar zai riga shi shiga masallaci. Likita ne ya ce masa ko ya motsa jiki, ko hawan jini ya kwantar da shi. Sai ya sayo keke mai giya, da hular kwano, da wani wando mai kama jiki wanda kunya ta sa yake ɗora jallabiya a kansa. Makon farko maƙwabta suka riƙa yi masa jaje a fakaice, don a ganinsu mai mota ba ya komawa keke sai karayar arziki ta zo. Wata tsohuwa har kwanon gero ta aiko masa. Abin ya ci masa rai, ya tsaya a majalisa ya ce gobe Wudil za shi, kowa ya san ƙarfi ne ba talauci ba.

Ya kuwa fita bayan asuba da zuciya ɗaya. Yana isa Mariri, nan bakin gari, numfashi ya ce ga garinku nan, cinyoyi suka koma kamar na aro. Yana zaune a bakin titi yana haki, sai wani direban a-kori-kura mai kai kaya Wudil ya tausaya masa, ya ɗaure keken a kan buhunan albasa, ya sa shi a gaba. Can Wudil mai keke ya sayi kifi a bakin gada. Direban ya dawo da shi Mariri, shi kuwa gogan ya fasa ruwan leda biyu ya sheƙa a ka, ya tako feda ya shigo unguwa yana kaɗa ƙararrawa, kifi na reto a bayan sirdi. Majalisa ta miƙe tsaye. To ka san wanda aka taɓa miƙe wa, da wuya ya yarda a koma gaishe shi daga zaune.

Haka aka kwashe shekara biyu, labari yana ƙiba tare da mai shi. Yau ya tsere wa tirela a gangare, gobe iskar hanya ta san shi, in zai tafi ta tura shi, in zai dawo ta juyo. Ya zama malamin keke: ga yadda ake ba taya iska, ga man da ake sa wa sarƙa, ga rashin tarbiyyar 'yan adaidaita sahu. Uwargida ma, ganin miji ya zama ɗan tsere, ta dawo masa da man shanu a tuwo. Ba abin da yake tsoro kamar ranar da majalisar nan za ta gano shi. Tsohon mai faci dai bai taɓa tankawa ba. Duk Asabar sai ya shafa taya, ya shinshina sirdi, ya yi murmushi.

Wata Laraba da la'asar majalisa ta cika, yana tsakiyar bayanin yadda ya riga motar haya isa gada, sai ga a-kori-kura ta ci birki. Direba ya diro da ƙullin goro da alawa, baki har kunne.

"Alhajina! Tun azahar nake bulayi. Sai da na ce mai keken nan da nake kaiwa Wudil duk Asabar, sannan aka nuno min unguwar."

"Bawan Allah, anya ba kama ba ce?" in ji Alhaji, murya can ciki.

"Kama kuma? Mu da muke cin gyaɗa a gaban mota ɗaya shekara biyu? Maiɗakina ce ta sauka, an samu namiji, na kuwa yi masa huɗuba da sunanka. Suna ranar Asabar a Wudil. Sai dai ka yi haƙuri, ranar ba zan samu fitowa Mariri in ɗauke ka ba."

Mai faci ya ajiye famfo, ya karɓi goro ya ɓara, ya ce, "Allah ya raya takwara. Ni dai dama ina mamakin tayar da take zuwa Wudil shekara biyu ba ta taɓa neman faci ba, ga sirdi kullum warin albasa."

Dariya ta ɓarke. Alhaji ya sunkuyar da kai, can shi ma ya tuntsire, ya rungume direba ido ya ciko, don duk tsawon rayuwarsa ba a taɓa yi masa takwara ba.

Ranar Asabar majalisa ta yi shatar mota. Ya ɗaga ƙafa zai shiga, mai faci ya tare ƙofa. "Haba Alhaji, kai da kafin shayi ya huce? Yi gaba, ka ce a ajiye mana waina." An ce ya isa bayan la'asar, ana naɗe tabarmi, sai da mutum biyu suka sauko da shi daga sirdi. Amma ranar kam da ƙafarsa ya je, gumin kuma nasa ne.

Don haka in ka taka kekenka ka tsaya a Mariri, ka dawo ka ce mana Mariri. Ai ba banza ba Hausawa suka ce ramin ƙarya ƙurarre ne.