Dangwale na Ashirin

Tun da aka kafa dokar dangwale, sakamakon jarrabawa ba ya kai kowa jami'a. Ranar kammala sakandare kowa zai sa farar riga, wanda mutum ashirin cikin 'yan ajinsu suka dangwala wa yatsa a rigar shi ya wuce jami'a. Tawadar kuma sau ɗaya take kama yatsan mutum.

Nawa na yi wa Dayyabu alkawarinsa, ɗan baffana mai son tuƙa jirgi. Ina nemansa a farfajiya, inda ake ta kokawa da ihu, malaminmu Malam Isiyaku yana zaune gefen kwandon bandeji yana ɓare gyaɗa. Sai Lantana, ƙawata tun aji ɗaya, ta ja ni ɗakin gwaje-gwaje.

"Saura ɗaya, Hajjo. Kin san tun yaushe nake son zama likita."

"Na riga na yi alkawari, Lanti."

Na dunƙule hannun da aka shafa wa tawadar. Ta cusa shi bakin ƙofa ta bugo, sau biyu. Na ji ƙashi ya ce ƙas. Ta ɓamɓare yatsuna, ta danna babban a rigarta, tawada da jini.

Sannan ta durƙusa, ta karya rula gida biyu, ta yagi ɗankwalinta, ta ɗaure min hannun a hankali tana cewa, "Sannu, sannu."

A bakin get Malam Isiyaku ya juya hannun yana dubawa.

"Wa ya ɗaure miki?"

"Lantana, Malam."

"Madalla," ya ce. "Yarinyar nan za a yi likita."