Mai Dakon ’Yan Tsaki da Lasifikar Maƙwabcinsa

Alhaji, ajiye kayan nan da ka sayo tukuna. Shekara talatin ina gyaran wayar mota, kuma ba na ɗaura wa mota komai sai mai ita ya ji wannan misali.

An yi wasu maƙwabta biyu, kowanne da a-kori-kurarsa, iri ɗaya har launin fenti. Ɗaya yana dakon ’yan kasuwa da kayansu. Ɗayan kuwa ’yan tsaki yake ɗauko wa ƙungiyar matan garinsu daga inda ake ƙyanƙyasa, da fanka huɗu a ƙarƙashin tamfol suna yi musu fifita. Gwani ne, don da kunne yake tuƙi: daga kukan ’yan tsaki yake gane ko suna lafiya ko zafi ya fara taɓa su. Yana zaman zamansa sai maƙwabcin ya dawo wata rana da lasifika biyu da ɗan firji na ruwan sanyi da wurin cajin waya. Tasha ta ɗauka, kowa sai motar wane. Daga ranar abinci ya daina yi wa mai ’yan tsaki daɗi. In ya ji kiɗan nan ya karyo kwanar layinsu sai ya ja tsaki ya shige gida. Ba a rage masa ko kwali ɗaya a dakonsa ba, amma hassada ta sa yana ganin kamar a aljihunsa aka zari abin da maƙwabcin ya samu.

Sai ya sayo lasifika huɗu, don biyu ta yi masa kaɗan tunda wancan ma yana da biyu, ya haɗa da firji ya kawo wa mai gyaran wayar mota. Mai waya ya ɗaga murfin inji ya nuna masa altaneta, wadda ke samar da wuta in inji na aiki, ya zana masa lissafi a ƙasa da tsinke. An rubuta amfiya saba’in a jikinta, wato ma’aunin ƙarfin wutar da take bayarwa. Inji da famfon mai da sauran kayan motar suna cin talatin da biyar, fankokin ’yan tsaki goma sha biyu. Ba a kuma ɗora mata iyakar ƙarfinta, ana bar mata kamar goma sha huɗu ta sarara. Abin da ya rage tara ne, kayan da ya kawo kuwa sun haura talatin. Kuma saba’in ɗin nan sai mota na gudu. In tana tsaye inji na silo, da ƙyar take ba da rabi da ’yan kai. Mutumin ya murtuke fuska ya ce, “To shi wane da ka ɗaura masa, motarsa daga sama ta faɗo?” Mai waya ya ce, “Shi altaneta ya fara canzawa, ya sa babba. Ka mayar da lasifikun nan ka yi yadda ya yi.” Mutumin ya ce, “Altaneta wa ke ganinta?” Ya kwashi kayansa ya kai wa wani wanda ba ya tambaya, aka ɗaura masa.

Kwana shida yana cin duniyarsa da tsinke, bai san batir ne ke cike giɓin a ɓoye yana ramewa ba. Rana ta bakwai, tsakiyar bazara, ya ɗauko ’yan tsaki dubu, ya iso wani ƙauye da kasuwarsa ke ci a kan titi, cunkoso ya tare shi ana dab da azahar. Da ya kashe lasifika da firji a nan, da ya tsira. Amma ya duba madubi sai ga maƙwabcin, mota uku a bayansa, da ɗan kiɗansa. Ai kuwa sai ya ƙure murya, har masu awon hatsi suna waiwaye, shi kuma ransa fari ƙal. Wuta na raguwa, fankoki na sanyin jiki a ƙarƙashin tamfol. ’Yan tsaki sun yi kukan da ya fi kowa sani, kiɗa ya danne shi. Can inji ya yi tari ya mutu, lasifika ta ɗauke. A lokacin ne ya kasa kunne bayan mota, ya ji shiru.

Maƙwabcin ne ya fara isowa da gudu, ya taya shi yaye tamfol, ya kwaso ruwan sanyin firjinsa suka yi ta yayyafa wa kwalaye. Waɗanda suka rayu ba su kai ɗari biyu ba, kuma a motar maƙwabcin aka kai su gida, ta janyo tasa da igiya a gaban duk ’yan tasha. Shugabar matan ta buɗe kwalaye ɗaya bayan ɗaya, sannan ta dube shi ta ce, “Malam, mun ji kiɗan ya yi daɗi.” Mako na zagayowa dakon ya koma hannun maƙwabcin, wanda bai taɓa neman sa ba. Fanka huɗun ma a wurin mai ’yan tsakin ya saye su, kuma altanetarsa ta ɗauke su ba ko gezau.

To Alhaji, ɗaga murfin mu ga abin da aka rubuta a jikin taka, ka bar kallon ta wani. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce hassada ga mai rabo taki ce.