Sai Mai Haƙa Ya Yarda

Tun da aka kafa dokar, ba a sayar da dutse mai daraja sai wanda ya haƙo shi ya ce ya yarda, da bakinsa. Shi ya sa kowane shagon zobba a Jos yake da madubin shaida a kan kanta.

Barira ta zaɓi wani shuɗin dutse don zoben mahaifiyarta. Ladidi, mai shagon, ta ajiye shi gaban madubin, sai ga fuskar wani mutum a ciki, jar ƙasa har gira.

"Sannu da aiki, Malam Tanimu," in ji Ladidi. "An ba ka haƙƙinka? Ka yarda a sayar?"

Ya ɗan dubi hagunsa. "An ba ni. Na yarda."

"To, naɗe mini," in ji Barira.

Ladidi ba ta naɗe ba. Ta ɗauko wani dutsen, dillali ɗaya ne ya kawo shi da na farkon. Wata fuska ta fito, wannan ma sai da ya dubi hagu kafin ya amsa.

"Malam, wa ke tsaye kusa da kai?"

"Ba kowa, Hajiya."

Madubin ya ɗauke.

Ladidi ta kwashe duwatsun dillalin kaf daga kan kanta.

"Haba Yaya, ai an cika doka," in ji Barira. "Ya ce ya yarda."

"Ita doka ji kawai take yi, ni kuwa ina gani. Dawo jibi, na mutanen Mambila na tafe. Su in na tambaye su, cikin idona suke kallo, har su ce na cika rowa."