Huhun Aro

"Gobe za ka je a haska maka huhun nan," in ji Kaltuma. "In aka ga taba, ni da gidan ubana a Takaya."

Mijinta Kyari, dillalin fata a Zango, ya daɗe da rantse mata ya bar sigari. Ga shi baƙin likitoci sun zo gari da wani sabon aiki. Mutum zai shaƙi wani garin magani da ido ba ya gani, ƙwayoyin jiki da ke gadin huhu kamar dakaru su haɗiye shi, sai na'ura ta nuna inda suka yi cincirindo. Huhun mashayi kuwa ba ya ɓuya.

Kyari ya yi lissafi: baƙi ba su san fuskar kowa ba. Ya samu Malam Sama'ila, ladanin unguwa, mai muryar da ake ji har Birni.

"Malam, aron huhu na zo. Ka je da sunana."

Ladan ya yi ta noƙewa, Kyari ya yi ta magiya, har ya yarda.

Da hoton ya fito, Kaltuma ta je karɓa, likita ya ce mata wannan huhu ya kusa zama murhu. Kafin la'asar ta ɗaure kayanta.

Kyari ya tare ladan a ƙofar masallaci. "Malam, har da kai?"

Ladan ya gyara rawani. "Ai na ƙi, ka matsa. Sigarin da kake ɓoyewa a ramin katangar masallaci, wa kake zaton yake rage maka?"