Abin da Ya Sa Nake Barmani

Wata rana ruwan sama ya kulle mu a ɗakinmu a Kafanchan. Kawu, ƙanen Mama mai aikin reluwe, ya ɗora faifan da ya sayo a Legas. Ni kuwa hoton jikin kwalin nake kallo: wani Baturen Ingila mai gashi har kafaɗa, da riga mai ƙyalƙyali, zaune a bayan ganguna. Na kifa kwano ina bin kiɗansa da cokali.

"Kawu, mene ne ma'anar sunansa?"

"Ina ruwan Bature da ma'ana? Ya ɗauki sunansa ya tafi inda yake so." Ya juya wajen Mama. "Yaya, yarinyar nan tana da hannu. Ba ni ita in sa ta makaranta a Legas."

Mama ta karɓe cokalin. "Kafin ke na binne 'ya'ya a Kagoma," ta ce mini. "Na roƙi Ubangiji ya bar mini ke, shi ya sa kike Barmani. Ba inda za ki."

Ta riƙe wuyan hannuna har faifan ya ƙare. Ta rasu tuntuni, amma har yau in na je tasha, rakiya kawai nake yi.