Mutuwar Baffa a Jamus

Ina da kamar shekara bakwai ranar da na zaro hoton daga gafakar Baffa, ƙanen mahaifina, a zauren gidanmu na Kiyawa. Bayan la'asar ne. Wani mutum ne a jiki, ba riga, sai fatar damisa da mashi, ya zare ido.

"Baffa, wane dodo ne wannan?"

"Ni ne, uwata."

Tun yana saurayi ya bi fatake Kamaru, wani Bajamushe ya tafi da shi ƙasarsu, ya sa shi wasan kwaikwayo. Mutumin da ya sauke Alƙur'ani a gaban kakanmu, ya iya Jamusanci kamar ɗan gari, amma a dandali ba a taɓa ba shi kalma ɗaya ba. Aikinsa ya yi kururuwa, Bature ya harbe shi, ya faɗi.

"Shekara shida kullum sai na mutu," in ji shi. "Kafin in kai ƙasa nakan yi kalmar shahada a ɓoye, ko wata rana bindigar za ta tashi da gaske."

Na nace sai ya nuna mini. Ya miƙe da ƙyar, ya dafe ƙirji, leɓɓansa suna motsi, ya zube kan tabarma.

Na ƙyalƙyale da dariya, na hau tafi.

Bai tashi ba. Daga kwance ya dube ni, ya ce, "Haka su ma suke yi."

Yanzu na girmi Baffan ranar nan. Har yau in aka fara tafi a gidan biki, sai in cusa hannuwana cikin mayafi.